Lissafin Tikitin Jirgin Sama Mai Rahusa: Misali Daga Abuja Zuwa Yamai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Nariya zuwa Kibiya, ko daga Rano zuwa Kano, ya san ƙa'idar tasha. Ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota, kowa ya biya daidai da na ɗan'uwansa, sa'annan a zauna jiran mota ta cika. In kujera ɗaya ta rage, fasinjoji kuma suna sauri, sai su haɗa kuɗinta a tashi. Jirgin sama ba haka yake ba. Yana da ranar tashi da lokacin tashi, ko ya cika ko bai cika ba. Haka kuma mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, su tashi tare su sauka tare, alhali ɗaya ya biya ninki biyu na abin da ɗayan ya biya.

Wannan bambanci yana da dalilai na lissafi da na tattalin arziki, kuma ɗalibin sakandare zai iya fahimtarsu. Saninsu yana da amfani, domin a ƙauyukanmu kuɗin tikiti guda yakan ci amfanin gonar damina ɗaya, in yaro ya sami gurbin karatu a wata ƙasa ko kuwa tafiyar asibiti ta kama. A wannan darasi za mu ɗauki manyan birane biyu maƙwabta mu yi misali da su: Abuja, wadda ta zama mazaunin gwamnatin Nijeriya a ranar 12 ga Disamba 1991, da Yamai, wadda ta karɓi wannan matsayi a Nijar daga Damagaram a 1926.

Waiwaye kaɗan

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga jirgin sama. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jiragen farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar fasinja a filin jirgin Kano, wanda yanzu ake kira da sunan Malam Aminu Kano. Bayan haka gwamnatoci suka kafa kamfanoninsu. Nijeriya ta mallaki Nigeria Airways, wanda ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003. Nijar kuwa ta yi tarayya da wasu ƙasashe a kamfanin Air Afrique, wanda aka kafa a 1961 ya durƙushe a 2002. Bayan mutuwarsu sai kamfanonin 'yan kasuwa suka cike gurbin. Daga cikin na baya-bayan nan akwai Rano Air, mai ɗauke da sunan garinmu, wanda ya fara jigilar fasinja a cikin gida a 2023 da jirage ƙirar Embraer 145 masu kujeru 50. Da irin wannan adadi na kujeru za mu yi lissafinmu a gaba.

Auna nisa

Kafin a yi maganar kuɗi, sai a san nisa. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Idan aka raba shi gida 360, kowane digiri ɗaya zai zama kimanin kilomita 111. Abuja tana kusa da digiri 9 arewa da layin Ikwaita, da digiri 7.5 gabas da layin Girinwic. Yamai tana kusa da digiri 13.5 arewa, da digiri 2 gabas.

Tazarar kudu da arewa ita ce 13.5 a cire 9, wato digiri 4.5. A ninka da 111, a sami kimanin kilomita 500.

Tazarar gabas da yamma ita ce 7.5 a cire 2, wato digiri 5.5. A nan akwai ɗan gyara. Layukan da suka taso daga ƙarshen arewacin duniya zuwa ƙarshen kudancinta suna kama da zanen jikin kankana: sun fi buɗewa a tsakiya, suna tsukewa idan aka nufi kai ko gindi. Saboda haka sai a ninka da kosin ɗin matsakaicin digirin arewa na biranen biyu. Matsakaicin kimanin digiri 11 ne, kosin ɗinsa kuwa 0.98. Ke nan 5.5 sau 111 sau 0.98 zai ba mu kimanin kilomita 600.

Yanzu muna da alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya, gefe ɗaya 500, ɗayan 600. Bisa ƙa'idar Fitagoras, 500 sau 500 shi ne 250,000, kuma 600 sau 600 shi ne 360,000. Jimilla 610,000. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan jimilla ita ce kimanin 780. Nisan Abuja da Yamai a sama kimanin kilomita 780 ke nan. Wannan dabara tana aiki ne ga birane na kusa kawai. Ga tafiya mai nisa irin ta Abuja zuwa Landan, dole a yi la'akari da lanƙwasar duniya.

Jirgin fasinja na zamani yana gudun kimanin kilomita 800 a awa ɗaya. Ashe tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, in an haɗa da tashi da sauka. To, me ya sa tikitinta yake tsada?

Abubuwan da ke cikin kuɗin tikiti

Na farko shi ne mai. Man jirgi, wanda ake kira Jet A1, ɗan'uwan kananzir ne da aka tace sosai. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, don haka gajeriyar tafiya ta fi cin mai a kan kowace kilomita. A watan Mayu na 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Nijeriya ta yi barazanar dakatar da aiki, tana kukan cewa litar mai ta tashi daga naira 190 zuwa naira 700.

Na biyu shi ne haraji da kuɗaɗen hukumomi. Akwai kuɗin sauka, da na ajiye jirgi, da na masu ba jirgi hanya a sama, da na tsaro, da na hidimar fasinja. A Nijeriya, hukumar NCAA mai kula da sufurin sama tana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti. Yawancin waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da nisa. Da zarar jirgi ya ƙetare iyaka, sai a caje shi kuɗin tafiyar ƙasa da ƙasa, ko da ƙasar tana bayan katanga. A taronsu na Disamba 2024 a Abuja, shugabannin ECOWAS sun amince a soke wasu haraje-haraje, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairu 2026, domin sun ga tsadar ta yi yawa a yankin.

Na uku shi ne canjin kuɗi. Hayar jirgi da kayan gyaransa da inshora duk da dala ake biya. Da darajar naira ta faɗi bayan sakin kasuwar canji a watan Yuni na 2023, kuɗin tikiti ya bi bayanta.

Na huɗu shi ne gasa. Inda kamfani ɗaya ne ke bin hanya, shi ke da wuƙa shi ke da nama. An ga aikin gasa a 2024, lokacin da Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa Landan a ƙarshen watan Maris, sai kamfanonin waje suka shiga rage farashinsu. Don samar da irin wannan gasa a Afirka aka ƙulla yarjejeniyar Yamusukuro a 1999, sa'annan Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya a Adis Ababa a Janairu 2018. Aiwatarwa dai tana tafiyar hawainiya.

Na biyar shi ne siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumin da ya haɗa da rufe iyakoki da hana jiragen fasinja zirga-zirga, ba ta janye shi ba sai a Fabrairu 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Duk lokacin da irin wannan ta faru, hanyoyi sukan ragu, farashi ya hau.

Ya da zango

Idan fasinjojin da ke tsakanin birane biyu ba su isa cika jirgi kullum ba, kamfanoni sukan yi abin da fataken dā suke yi, wato su kafa zango. A kwaso mutane daga garuruwa da yawa a tara su wuri ɗaya, sa'annan a rarraba su. Kamfanin ASKY, wanda ya fara aiki a 2010, zangonsa Lome ne, babban birnin Togo. Air Côte d'Ivoire, wanda ya fara a 2012, zangonsa Abijan. Shi ya sa mai neman tikitin Abuja zuwa Yamai sau da yawa yakan ga an nuna masa hanya ta Lome. Daga Abuja zuwa Lome kimanin kilomita 790 ne, daga Lome zuwa Yamai kimanin 840. Jimilla ta haura kilomita 1,600, wato fiye da ninki biyu na hanyar kai-tsaye, ga tashi biyu da sauka biyu, kowanne da kuɗinsa.

Kujerar jirgi da kwandon tumatir

Masana tattalin arziki suna sa kujerar jirgi a sahun kaya masu lalacewa, kamar tumatirin da ake kai wa kasuwar Kwanar Gafan. Kwandon da bai sami mai saye ba yau, jibi ya ruɓe. Kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa ta fi tumatir saurin lalacewa, domin ba a sayar da ita har abada. Amma ga abin mamaki: mai tumatir yakan karya farashi idan yamma ta yi, shi kuwa kamfanin jirgi yakan ƙara farashi idan ranar tashi ta matso. Dalili shi ne masu saye iri biyu ne. Akwai mai shiri tun da wuri, kamar ɗalibi ko mai ziyara, wanda in ya ga tsada sai ya fasa ko ya bi mota. Akwai kuma wanda larura ta taso masa jiya, kamar ma'aikacin da aka kira taro ko ɗan kasuwar da kayansa suka iso, wanda zai biya ko nawa ne. Na biyun shi ke zuwa a ƙarshe, kamfani kuwa ya san da zuwansa.

Mu ƙaddara jirgi mai kujeru 50, tafiyarsa guda tana cin naira 6,000,000. Waɗannan alkaluma na misali ne kawai. Mu ƙaddara kuma fasinjoji rukuni huɗu ne: mutum 10 iyakar ƙarfinsu naira 90,000, mutum 20 naira 130,000, mutum 15 naira 180,000, mutum 5 naira 250,000.

In kamfani ya bi ƙa'idar tasha ya yanka farashi ɗaya na naira 90,000, jirgi zai cika, amma abin da zai samu naira 4,500,000 ne. Ya faɗi. In ya sa naira 130,000, mutum 40 za su shiga, ya sami naira 5,200,000. Ya faɗi. In ya sa naira 180,000, mutum 20 kaɗai za su shiga, ya sami naira 3,600,000. Ya ƙara faɗuwa. Amma in ya karɓi abin da kowane rukuni zai iya biya, zai sami 900,000 da 2,600,000 da 2,700,000 da 1,250,000, jimilla naira 7,450,000. Ya ci riba ke nan, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya sami tafiya.

Saboda haka kamfanoni suke kasa kujeru aji-aji a cikin kwamfuta, kowane aji da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa, ko da yake kujerun iri ɗaya ne a ido. In ajin rahusa ya ƙare, sai na sama da shi ya buɗe.

Ƙa'idar Littlewood

Yaushe kamfani yake rufe ajin rahusa? Wani ma'aikacin kamfanin BOAC na Ingila mai suna Ken Littlewood ya ba da amsa a 1972, ta hanyar lissafin yiwuwa. A ƙaddara kujera ɗaya ta rage. Ga mai naira 90,000 a hannu yau. Wataƙila kuma mai naira 250,000 ya zo gobe. In yiwuwar zuwansa rabi ce, wato 0.5, darajar jira ita ce 250,000 sau 0.5, wato naira 125,000. Ta fi 90,000, don haka kamfani zai riƙe kujerar. In yiwuwar 0.2 ce, darajar jira naira 50,000 ce kawai, sai kamfani ya sayar wa na yau. Iyakar tana kan 90,000 a raba da 250,000, wato 0.36. Yanzu kwamfutoci ke yin irin wannan lissafi dare da rana, suna dogara da tarihin cinikin kowace hanya. Duk abin da ya ƙara yiwuwar zuwan mai biya da tsada, kamar gabatowar Salla, ko Kirsimeti, ko Umarar watan azumi, yana sa a rufe ajin rahusa da wuri.

Matakan neman rahusa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da matakai.

1. A fara nema da wuri, makonni kafin tafiya, tun ajin rahusa bai ƙare ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

2. A gwada ranaku daban-daban. Matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu, ko kauce wa jajiberin biki da ƙarshen mako, yakan sauya farashi.

3. A kwatanta. Shafukan intanet irin su Google Flights da Skyscanner suna jera farashin kamfanoni da yawa wuri ɗaya. Bayan an gani, a leƙa shafin kamfanin kansa, a kuma tambayi ejan mai rajista, domin ba kowane ƙaramin kamfani ne yake bayyana a waɗancan shafuka ba. Sanin lambobin filayen jirgi yana hana kuskure: Abuja ABV, Yamai NIM, Kano KAN, Lome LFW.

4. A tambayi kuɗin zuwa da dawowa a haɗe, sa'annan a tambayi na kowanne shi kaɗai, a ga wanda ya fi sauƙi.

5. A karanta sharuɗɗa. Kilo nawa aka yarda a ɗauka? Kamfanoni da yawa suna ƙayyade jaka ɗaya a kan kilo 23, abin da ya haura kuma a biya. Nawa ne tarar sauya rana? Ana mayar da kuɗi in an fasa? Tikiti mafi araha shi ya fi tsauraran sharuɗɗa, araha kuwa ba ta ado.

6. In za a ya da zango, a sayi tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar duka. Mai tikiti biyu daban-daban, in jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, asarar tasa ce. Wannan ya fi muhimmanci daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yake hana jirage sauka da tashi a Kano da sauran filayen arewa.

7. A lura da agogo. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne. Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya, amma Togo tana bayansu da awa ɗaya.

8. A tabbatar tikitin na gaske ne. Tun 1 ga Yuni 2008 kamfanonin da ke ƙungiyar IATA suka daina tikitin takarda. Tikitin da aka biya kuɗinsa yana da lamba mai alkaluma 13, ban da lambar ajiyar kujera mai haruffa da alkaluma shida. Macuta sukan ajiye kujera ba tare da sun biya ba, su buga takarda su karɓi kuɗin mutum, bayan kwana biyu ajiyar ta mutu. A sa lambar da sunan matafiyi a shafin kamfani a gani da ido, a kuma duba sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.

9. A tanadi fasfo da katin rigakafin cutar shawara kafin a biya kuɗi.

Lissafin mutumin Nariya

Farashin da aka gani a waya ba shi ne kuɗin tafiya ba. Ɗalibin Nariya da ya sami gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta garin Say da ke kudu da ita, sai ya fara zuwa Kano, daga nan Abuja, fiye da kilomita 400 a mota, ko kuwa ya sayi tikitin jirgin cikin gida. Zai biya motar zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda ke da rata da gari. In jirgin na asuba ne, ga kuɗin masauki. Ga abinci a zango, ga kuɗin kayan da suka haura kilo, ga motar da za ta fitar da shi daga filin jirgin Diori Hamani. Duk waɗannan sai an tara su kafin a ce wannan tikiti ya fi wancan araha.

Akwai kuma abin lura. In aka auna ta hanyar da muka koya, Kano ta fi Abuja kusa da Yamai. Ke nan ɗalibinmu zai yi kudu zuwa Abuja, ya ƙara yin kudu har bakin teku a Lome, kafin ya juyo arewa. Hanyar mota kuwa, daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso har Yamai, kimanin kilomita 900 ce. Ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma tana cin lokaci da ƙarfin jiki, kuma dole a yi tambaya game da halin tsaro da na kan iyaka kafin a kama ta. Mai lafiya da yalwar lokaci lissafinsa daban, mai rakiyar majinyaci lissafinsa daban.

Kammalawa

Mun ga cewa nisa kashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da suke yanka kuɗin tikiti. Mai da haraji da canji da gasa da siyasa su ke kafa tushen farashi, sa'annan lissafin yiwuwa ya riƙa ɗaga shi yana sauke shi har ranar tashi. Matafiyi ba shi da iko a kan farashin mai ko na dala, amma yana da iko a kan ranar da zai saya, da ranar da zai tafi, da hanyar da zai bi, da karanta sharuɗɗa kafin ya biya. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai iya tsare wa iyayensa kuɗin da aka sha wahala kafin a tara.

Aikin aji

1. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da 8.5 gabas. A yi amfani da kosin 0.975 a fitar da nisanta da Yamai, a kwatanta da na Abuja.

2. Lome tana kusa da digiri 6 arewa da 1 gabas. A yi amfani da kosin 0.99 a tabbatar da nisan Abuja da Lome da aka bayar a sama.

3. A ƙaddara jirgi ya bar Abuja da ƙarfe 9:00 na safe, ya sauka Lome da ƙarfe 9:20 agogon Togo. Minti nawa ya yi a sama?

4. Kujera ɗaya ta rage. Tikitin rahusa naira 120,000, cikakken farashi naira 300,000. Daga wace yiwuwa ce kamfani zai ƙi sayarwa a rahusa?

5. Tikitin farko naira 380,000 ne, da izinin jaka biyu, kuma ba kwana a hanya. Na biyu naira 330,000, da izinin jaka ɗaya, ƙarin jaka naira 45,000, kwanan zango naira 30,000. Wanne ya fi araha ga mai jaka biyu? Wanne ya fi ga mai jaka ɗaya?

6. Ga malamai: a raba aji rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi ranar tafiya guda da ke gaba da wata ɗaya, ya riƙa duba farashin hanyar a waya kowane kwana uku yana rubutawa. A ƙarshe a zana jadawali, kwanakin da suka rage a kwance, farashi a tsaye, a tattauna ko abin da aka gani ya dace da ƙa'idar Littlewood.